Zahara'u da Babin Mai Rijiya

Zahara'u taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona Inde, don haka in kun ji ina yi mata tsiya a cikin wannan labari kada kowa ya ce zai rama mata. Tun muna yara nake yi, kuma ba yau zan daina ba. Shagonta yana manne da nawa a bakin hanyar da ta nufi kasuwar Madarunfa. Ni ɗinki nake yi, ita kuma tana buga wa mutane takardu a ordinatar, wato kwamfuta: takardar neman aiki, katin biki, da duk abin da aka kawo. Da wannan aka fi sanin ta a gari. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana haɗa littattafai irin waɗanda ake karantawa a cikin waya.

Ita ce 'yar fari a gidansu. Da aka yaye ta sai aka kai ta Safo wajen kakarta, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari da yawa a nan. Can ta yi lakwal, wato makarantar boko, ta taɓa kwaleji kaɗan, sannan ta tafi Maraɗi ta koyi aikin ordinatar a wani ɗan shago. Ba ta dawo Madarunfa da zama ba sai bayan rasuwar babanta, Ɗanladi mai haƙar rijiya. Aure ya ajiye ta a unguwar da uwarta take, kullum sai ta leƙa ta gaishe ta. Gaisuwar kuwa ba ta da tsawo. Gwaggo Inde mace ce mai riƙon al'ada, tana kunyar 'yar fari kamar yadda ta taras ana yi. Ba ta kallon Zahara'u ido cikin ido, ba ta yabon ta, ba ta roƙon ta komai, kuma ba ta kiran sunanta. In dole ta kama sai ta ce 'yar Safo.

Sunan mijinta kuwa, wannan ba a ma magana. Tun ranar da aka kai ta gidansa har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta. Ko ranar Lahadi ba ta iya faɗa, sai dai ta ce kashegarin Asabar. Muna yara mukan tambaye ta wace rana ce yau don kawai mu ji yadda za ta kewaye, ita kuma ta kore mu da muciya.

Zahara'u ta shiga harkar littattafai ta hannun matan da ke rubuta labarai suna rabawa a waya. Sukan turo mata rubutu a cakuɗe, ba kai ba gindi, ita kuma ta jera shi babi-babi ta mai da shi littafi. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Bidiyo ta riƙa kallo da Faransanci, ran da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ga dama. Tana da hannu, ban hana ta wannan ba. Amma Allah ya zuba mata son ado. Matar da ko tsintsiyar shagonta sai ta ɗaura mata zare mai launi, me kuke tsammani za ta yi wa farkon babi? Sai ta zana furanni ta kewaye shafi, ta rubuta sunan babin da wasu baƙaƙe masu lanƙwasa ruwan zinariya, ta kumbura harafin farko ya yi ƙato, ta haɗa duka ta mai da su hoto guda ta liƙa. A fuskar ordinatar ɗinta abin gwanin kyau ne. Masu rubutu suna yabawa, ita kuma kanta yana ƙara girma.

Ana nan sai Mushe Al'amin ya zo da nasa aikin. Mushe dai haka muke kiran malamin boko a nan. Tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, kuma ya koyar da rabin manyan garin nan. Da ya huta sai ya zauna ya rubuta labarin mutanen da ba wanda zai rubuta su: wata ungozoma ta garin Gabi, wani maƙeri na garin Sarkin Yamma, wani masunci na bakin tafki, da sauransu. Kowane mutum da babinsa, kuma sunan mutumin shi ne sunan babin. A cikinsu akwai Ɗanladi mai rijiya, wanda ƙauyuka da dama har gobe ruwan hannunsa suke sha. Bugawa a takarda ya fi ƙarfin Mushe, sai ya ce a yi na waya. Da Zahara'u ta ga sunan babanta a ciki, ta zage ta zuba ado irin wanda ba ta taɓa zubawa ba.

Littafi ya fito ya bi gari, daga wannan waya zuwa waccan. Aka saka wa Gwaggo Inde a tata, wata 'yar waya mai shafawa da ɗanta ya aiko mata daga Najeriya. Gwaggo ta iya karatu, amma da girmanta ta koya, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata da rani. Karatun nata iri ɗaya ne: da ƙarfi, yatsa yana bin layi, baki yana faɗin kowace gaɓa. Ba ta san yadda ake karatu a zuci ba. Ga shi yanar ido ta riga ta rufe mata idon hagu, na dama kuma ya fara hazo. Likita a Maraɗi ya ce ta dawo bayan kaka a duba ko za a yi aiki, amma bai yi mata alkawarin komai ba.

Mutane suka yi ta zuwa yi mata barka, wai an sa maigida a littafi. Wannan ya ce bari ya karanta mata, waccan ta ce bari ta karanta mata. Kowa sai ta ce ta gode, a bari sai wani lokaci. Har aka fara cewa abin bai dame ta ba. Na san wannan ya ci wa Zahara'u rai, domin ta yi aikin ne da uwar a zuciyarta.

Wata ranar da Zahara'u ta tafi Maraɗi sayen takarda, sai ga Gwaggo a shagona da wani zane wai in kalmashe mata bakinsa. Zanen lafiyarsa lau. Na karɓa dai na sa a keke. Ta zauna a kan benci, ta yi ta zancen tsadar wake da ciwon gwiwa, can sai ta kwance bakin gyalenta ta fito da waya.

"A'i, ke da kin san kan abin ga, ƙara mini girman baƙaƙen."

Ni 'yar wanta ce, ba kunya tsakaninmu. Na buɗe littafin na ƙara girman rubutu har inda ya tsaya. Layukan labari suka yi manya, sai dai farkon kowane babi ya rikice. Sunan babin bai motsa ba, yana nan ɗan mitsitsi a tsakiyar furanni, domin hoto ne ba rubutu ba. Ƙaton harafin nan ya hau kan layin da ke ƙarƙashinsa ya danne shi. Wani wuri shafi biyu fari fat, ba komai. Na buɗe jerin babi ko zai taimaka, na tarar ba sunan kowa a ciki, sai lambobi.

Ta kawo wayar dab da idonta na dama, ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ina ne kowane mutum yake farawa, domin ita furanni kawai take gani, kuma duk iri ɗaya ne. Na ce ta faɗa mini wanda take nema in buɗe mata, ko ma in karanta mata gaba ɗaya. Ta karɓe wayarta ta ƙulle a gyale.

"A'a. Ni dai so nike in gani da idona, tun shina gani."

Sai a lokacin na gane. Ba za ta iya cewa a buɗe mata babin wane ba, domin sai ta ambaci sunan. Ba za ta karanta a gaban kowa ba, domin karatunta a fili yake, kuma sunan yana cikin kowane layi. Wadda ta haɗa littafin kuwa ita ce mutum ta ƙarshe a duniya da za ta kai wa kuka. Tun fitowar littafin ashe tana ta laluben babin mijinta ita kaɗai, ga ido yana ƙarewa.

Kashegari na tari Zahara'u tun kafin ta gama share ƙofar shago. Ban yi mata kwana-kwana ba, na ce garin neman gira ta rasa ido. Ta taso mini kamar za ta cinye ni. Wai me tela ta sani a harkar littafi, wai marubutan Maraɗi ma yabon aikinta suke yi, wai hassada ce irin tawa tun ta yarinta. Na ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, na koma kan kekena. Ranar ko furar da muka saba sha tare da azahar ita kaɗai ta sha tata.

Da la'asar na shiga shagonta na ajiye mata wayata a kan tebur, da littafin a buɗe, rubutun a ƙure. Na ce ta rufe ido ɗaya ta nemo mini babin babanta. Sannan na gaya mata abin da Gwaggo ta ce, kalma da kalma. Ta yi ta shafa fuskar wayar, gaba da baya. Can ta ce me ya sa Gwaggo ba ta gaya mata ba. Ai ta fi ni sanin dalili. Na ga idonta ya kawo ruwa, sai na ce kada ta jiƙa mini waya, na fita.

Washegari ta kira ni in zo in ga cikin littafin. Ban taɓa sanin littafin waya yana da ciki ba. Ashe a ƙarƙashin abin da muke karantawa akwai wani rubutu da suke ce wa kod, wanda yake gaya wa waya nan ne suna, nan ne sakin layi, nan a tsaya. Na farkon kowane babi ya taru ya yi tsibi, har ita kanta ba ta san amfanin rabinsa ba, domin na'urar ce ta riƙa jibga shi duk sa'ad da ta ƙara wani ado. Ta fara gogewa. Tana gogewa tana tsaki, domin kowane fure ta san wahalar da ta sha a kansa.

Abin da ta mayar a wurin bai taka kara ya karya ba. Sunan kowane babi ta rubuta shi da baƙaƙe na gaskiya, ta sa shi tsakanin alamomi biyu masu nuna wa waya cewa wannan shi ne kan babi. Daga nan ta buɗe wani ɗan shafi dabam ta rubuta ƙa'ida guda wadda duk babin littafin za su bi. Ta karanta mini ita layi-layi tana fassarawa: kowane babi ya fara a sabon shafi, a bar fili kaɗan a samansa, sunan ya zauna a tsakiya, ya yi kauri, kada a ba shi launi, sakin layin farko ya fara daga gefe ba tare da an tura shi ciki ba. Duka bai cika tafin hannu ba.

Wurin girman sunan ne ta fi daɗewa. Ta ce da can takan yanke masa awo ta ce ga iyakarsa. Yanzu sai ta rubuta cewa ya zama ɗaya da rabi na duk girman da mai karatu ya zaɓa wa kansa, in an ƙara ya ƙaru, in an rage ya ragu. Na ce to ai wando mai zariya ke nan, mu mun daɗe da sanin wannan. Ta harare ni, amma ba ta musa ba. Da ta sake haɗa jerin babi, sai ga sunayen mutane sun fito reras da kansu.

Kada ku ɗauka halinta ya canza rana ɗaya. Sau biyu ina kama ta tana ƙoƙarin maido da wani ɗan fure a ƙarƙashin suna, wai ɗan ƙarami ne ba zai hana komai ba. A ƙarshe muka shirya a kan siririn layi guda, shi ma da kod ta ja shi, ba hoto ba. Sannan ta shiga gwaji. Duk wanda ya zo buga takarda sai ta ari wayarsa, mai tsada da mai arha, mai fasasshen gilashi da wadda aka ɗaure da roba. A wata ƙaramar waya filin da ta bari a sama ya cinye rabin shafi, sai ta koma ta rage shi. Ba ta yarda aikin ya gamu ba sai da ta ga ya zauna daidai a wayar da ta fi kowace lalacewa.

Saura mai littafi. Mushe Al'amin ya zo ya gani, ya ɓata rai, ya ce ta tuɓe wa littafinsa riga ta bar shi tsirara. Shi fa furannin nan suna burge shi. Zahara'u ba za ta iya gaya masa dalili ba, domin sirrin uwarta ne. Sai ta ce masa cikin ladabi yawancin waɗanda suka san mutanen da ya rubuta tsofaffi ne, idanunsu sun gaji, kuma su ne suka fi cancanta su karanta. Ya shafa gemu, ya ƙara girman rubutun a tasa wayar ya rage, ya sake ƙarawa. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma bangon littafin kada ta kuskura ta taɓa masa shi. A nan suka hutar da juna, domin ita ma ta sami inda adonta zai zauna.

Tun daga lokacin haka take aiki. Ƙa'idar nan guda ita take ɗauka daga littafi zuwa littafi, aikin da yake cinye mata kwanaki ya koma na yini. Wasu marubutan sun yi ƙorafi da farko, amma da masu karatunsu na ƙauye suka daina cewa littafi ya ƙi buɗewa, sai suka yi shiru. A wancan lokacin dai ba marubuta ne a gabanta ba.

Kai wa Gwaggo sabon littafin ya faɗo a kaina. Na je na ce ta ba ni wayar in sa mata caji a shago tunda kuran ɗin unguwarsu, wato lantarki, ya ɗauke. Zahara'u ta cire tsohon ta saka sabon, ta ƙure girman rubutun. Da na mayar, na zauna kusa da Gwaggo na nuna mata a kan babin ungozoma: in ta yi ta shafawa, duk inda ta ga fili a sama da suna baƙi ƙirin a tsakiya, to sabon mutum ne ya fara. Ban ambaci kowa ba. Ta kawo wayar kusa da ido, na ga leɓenta ya motsa a kan sunan ungozomar. Ta ce to. Har na kai ƙofa ta ce in gaya wa 'yar Safo, sai kuma ta ce a'a, in bari kawai.

Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari. An yanke gero, an fara tsinkar wake, lokacin komawa wajen likita yana matsowa. Zahara'u ta rame don zullumi. Kullum ta dawo daga gaisuwa sai in tambaye ta da ido, ita kuma ta girgiza kai. Ita ce ta fara gano abin da ya rage. Gidan Gwaggo ba ya rabo da mutane: ga matar ɗanta, ga jikoki, ga maƙwabta masu zuwa aron turmi. Mai karatu da ƙarfi ina za ta sami wurin da ba kunne?

Sai Zahara'u ta rufe shago, ta sa ni ma na rufe nawa, ta ce yau kowa gona za shi tsinkar wake, aikin ya yi yawa. Ta samo amalanke ta kwashe matar ƙanenta da yara kaf, har da na goye. Gwaggo ta ce ita ma bari ta ɗauko ƙwaryarta. Zahara'u, tana kallon ƙasa, ta ce ai gida ba ya zama ba kowa, ga awaki. Gwaggo ba ta yi gardama ba.

Da hantsi ya ɗaga muka ga buhunan da muka zo da su ba za su isa ba. Ni da Zahara'u muka dawo gida a ƙasa don mu ƙaro. Muna shiga zaure, kafin in buɗe baki in yi sallama, ta damƙe mini hannu.

Daga bayan rumbu murya take fitowa, a hankali, gaɓa bayan gaɓa, irin ta mai koyo. Tana tsayawa ta ja numfashi ta ci gaba.

"Ɗan... la... di. Ɗanladi mai rijiya."

Ta sake faɗa, wannan karon ba tsayawa. Sannan ta shiga layin farko, inda Mushe ya ce shi mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa wanda ba ya shiga rami sai ya yi alwala. Muka ji ta yi 'yar dariya ta ce haka ne kuwa.

Zahara'u ba ta taɓa jin sunan babanta a bakin uwarta ba sai ranar. Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta ko share ba. Ni ma ban tsira ba, duk da bakin nan nawa. Ta ja ni da baya, muka fita a kan yatsun ƙafa, muka zauna a dakalin ƙofar gida cikin rana. Buhuna kuwa masu gona sai dai su yi haƙuri.

Ba mu daɗe ba sai ga Hauwa maƙwabciya ta taho da ƙwarya a hannu, ta nufi zaure za ta yi sallama. Zahara'u ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa.

"Ki yi haƙuri ki dawo bayan la'asar," in ji ta. "Inna tana da baƙo."